Mashigin Da Ba A Juyawa A Cikinsa

A ƙasar Girka, kimanin kilomita 80 yamma da birnin Atens, akwai wani siririn wuyan ƙasa da ya haɗa yankin Feloponis da sauran ƙasar. Teku a dama, teku a hagu, tudu a tsakani. Wannan tudun aka tsaga aka yi mashigin ruwan Korinti. Tsawonsa kilomita 6.4 ne, zurfin ruwansa mita 8. Faɗinsa a saman ruwa bai cika mita 25 ba, a ƙasa kuwa mita 21 ne da 'yan kai. Bangonsa biyu sun miƙe kusan sak, a wani wurin tsayinsu ya doshi mita 80, har wanda ya tsaya bisa gada ya leƙa sai ya hango jirgi can ƙasa ɗan mitsitsi.

Ƙannena maza da mata, na san wasunku sun taɓa cin karo da hoton wannan wuri a waya: farin jirgin shaƙatawa, irin mai doguwar sanda a tsakiya wadda ake ɗaura wa ƙyalle iska ta tura shi, yana silalawa tsakanin bango biyu, ruwa garai-garai, mutanen ciki suna ɗaga hannu. Abin sha'awa ne ƙwarai. Sai dai tafiyar da kuke gani ba ta wuce minti 40 ba, kuma ita ce mafi ƙanƙantar aikin. Abin da nake so mu zanta a kai shi ne wanda kyamara ba ta ɗauka: me matuƙin ya yi kafin ya shiga, me ya haƙura ya ajiye, me kuma ya ƙi saki ko da wasa. Akasarinmu ba za mu tuƙa irin wannan jirgi ba. Amma babu wanda zai girma bai ratsa wurin da hanya ta tsuke masa ba.

Mutane sun daɗe suna ƙulafucin wannan hanya. Jirgin da zai tashi daga yammacin Girka zuwa gabashinta sai ya kewaye Feloponis, tafiyar da ta kai kilomita 700, ya kuma bi ta tsinin Maleya da matuƙan dā suke shakka saboda iskarsa. Shekaru kusan 600 kafin haihuwar Annabi Isa, mutanen Korinti suka shimfiɗa hanyar dutse suna jan kaya da jirage a kanta daga wannan gaɓa zuwa waccan. Sarkin Rum Nero ya soma haƙa a shekara ta 67 miladiyya da dubban fursunoni. Shekara na zagayowa ya mutu, aikin ya bi shi. Sai a 1882 aka koma kai. Kamfanin farko ya karye, wani na Girkawa ya ƙarasa a 1893. Da aka buɗe kuma aka tarar ya yi wa manyan jirage ƙunci, ga bangon dutse ne mai laushi, yana zubowa. Ko a 2021 zaftarewar bango ta sa an rufe shi, sai tsakiyar 2022 aka sake buɗewa. Yau ƙananan jirage da masu yawon buɗe ido ne suka fi binsa.

Ku koma ku dubi hoton nan da kyau, za ku ga ƙyallen a naɗe yake, a ɗaure. Mai jirgin iska kuwa da ƙyallen nan yake tinƙaho. A faɗin teku babu mai gaya masa inda zai dosa. In iska ta biyo bayansa ya sakar mata ƙyalle, in ta taho ta gaba ya riƙa yankar ta a kaikaice, ya karkata dama, ya karkato hagu, har ya isa inda ya nufa bai ƙona ko ɗigon mai ba. Shekaru ake yi ana koyon wannan. Amma tsakanin bango biyu babu filin karkata. Iskar da ke ciki ma ba ta da amana, ko ta matso ta gaba da ƙarfi, ko ta ɗauke ɗif. Saboda haka da inji ake ratsa Korinti, da shi kuma ake ratsa mashigin Suwez da na Panama. Gwanin da ya ƙetaro teku da iska sai ga shi ya dogara da ɗan injin dizal da ke ɓoye ƙarƙashin matakala, wanda a sauran ranaku ko waiwayarsa ba ya yi.

Wannan ya fi yi wa gwani ciwo a kan ɗan koyo, kuma a nan ne na fi jin tsoro a kanku, ku masu hazaƙa. Akwai lokacin da abin da ka fi iyawa ba shi ake nema ba. Shekarar farko a wurin aiki haka take. Zaman koyon sana'a a hannun maigida haka yake. Haka watannin da bashi ya hau kan mutum, ko jinyar mahaifi ta ɗaure shi a gida, ko yake zaune a ƙasar wasu da takardar izini mai wa'adi. A irin wannan zango abin da ke fid da mutum ba shi da ƙyalli: zuwa a kan lokaci, cika alkawari, riƙe harshe, lissafin kwabo. Na ga yara masu kaifin ƙwaƙwalwa da suka ƙi naɗe ƙyallensu a irin wannan wuri, suna ganin ƙasƙanci ne, suka yi ta karo da bango. Ba wanda ya ce ka yar da baiwarka. Ajiye ta za ka yi na ɗan lokaci, tana nan a ɗaure ba inda za ta.

Tunda kuwa rai ya koma kan inji, matuƙin kirki tun jajibiri yake buɗe shi. Ya duba baƙin mai, ya duba bel, ya tabbata ruwan da ke sanyaya injin yana fita ta salansa yadda ya kamata. Ya fi mai da hankali kan matatar mai, don ya san halin tankin dizal: datti yakan kwanta a gindinsa wata da watanni bai cuci kowa ba, sai ranar da igiyar ruwa ta jijjiga jirgi ya taso, ya toshe matata, inji ya shaƙe. Sau da yawa kuma a bakin mashigi, wurin jira, ake shan wannan jijjigar. Leda guda in ta toshe bututun shan ruwa ta isa ta sa inji ya ɗau zafi. Guntun igiya in ya naɗe farfela ya isa ya tsai da komai. Don haka sai a kwance anga a bar ta a shirye, a rataya robobin kare gefe, a tanadi doguwar igiya ko za a buƙaci ja, a tsai da mutum guda a goshin jirgi.

In inji ya mutu a tsakiyar teku ɓacin rai ne kawai. Ka ɗaga ƙyalle, ka gyara a tsanake. In ya mutu a cikin Korinti, kafin ka ankara ruwa ya kai ka ga bango, ga na bayanka yana tahowa, shi ma ba shi da wurin kaucewa. Matsalar ɗaya ce, wurin ne ya bambanta. Ƙananan sakacin da kuke yi yau kuna tsira, ƙaryar da ba a kama ba, karatun da aka bari sai daren jarrabawa, kuɗin mutane da aka taɓa da niyyar mayarwa, ba don ba su da illa kuke tsira ba. Fili ne ya yi muku yawa. Ranar da hanya ta tsuke duk za su taso lokaci guda, kuma ba a fafa gora ranar tafiya.

A Panama, kafin a sa wa ƙaramin jirgi rana, sai an san tsawonsa tun daga abin da ya fi turowa a goshi har abin da ya fi turowa a baya, domin da awo ake yanka kuɗi, da shi kuma ake tsara wa zai shiga da wa. Ana kuma tambayar mai jirgi gudun da injinsa zai iya riƙewa na awoyi, ba wanda zai taɓa na minti 5 ya saki ba. Akwai masu ƙara gishiri don kada a raina jirginsu. Sai a tsara musu lokaci bisa abin da suka faɗa, su kasa isa ƙofa a kan kari, a ci su tara, su kuma ɓata wa waɗanda aka haɗa su tafiya tare. In an tambaye ka me ka iya, wajen neman aiki ne ko karɓar kwangila ko neman aure, faɗi gudun da za ka iya riƙewa. Mai tambayar nan tafiyarsa zai tsara a kan maganarka.

Daga nan sai jira. Korinti ba ya ɗaukar mai tafiya da mai dawowa lokaci guda, bi da bi ake yi: a saki ayarin gabas, in ya fice a saki na yamma. Matuƙi zai kira ofishin mashigi ta oba-oba a tasha ta 11, ya faɗi sunan jirgi da tsawonsa, a ce ya dakata. Dakatawar tana iya zama 'yar gajeriya, tana iya kaiwa awoyi, yana ta kewayawa a waje yana hangen ƙofa ba kowa a cikinta. A kowane baki akwai gadar mota wadda ba ɗagawa take yi ba, nutsewa take yi ƙarƙashin ruwa jirage su bi ta samanta. Sai ta nutse, an kuma kira sunanka, sannan ka motsa. In akwai babban jirgi a ayarin shi ke gaba, sau da yawa da jirgin ja riƙe da shi, ƙanana su biyo baya, su kuma ba shi tazara, domin ruwan da farfelarsa ke murɗawa yana iya juya ƙaramin jirgi ya fuskanci bango.

Wannan fifiko ba son kai ba ne. Dokokin kauce wa karo a teku, waɗanda ƙasashen duniya suka amince da su a 1972, sun ware doka ta 9 don ƙuntatattun hanyoyi. Ta wajabta wa kowa riƙe gefensa na dama, ta kuma hana jirgin iska, da duk jirgin da bai kai mita 20 ba, tare wa babban jirgin da ba shi da wata hanya sai tsakiyar mashigi. A faɗin teku galibi mai inji ne ke kauce wa mai ƙyalle, a nan kuwa abin ya juye. Dalilin a fili yake. Jirgin dakon kaya in ya so tsayawa sai ya yi tafiya mai nisa kafin ya tsaya, kuma mai tuƙa shi daga can sama ba ya ganin abin da ke gaban goshinsa har tsawon ɗaruruwan mitoci. Ƙaramin jirgin da ya tsaya yana cewa shi ma yana da haƙƙi, na saman bai ma san yana wurin ba.

Ba rusunawa ga duk mai ƙarfi nake koya muku ba. Zalunci daban, nauyi daban. Wani babban yana tare hanya ne don girman kai, wannan ana iya ja da shi ta hanyar da ta dace. Wani kuwa ko ya so ba zai iya kaucewa ba saboda abin da ya ɗauko: uba mai bakuna da yawa a gida, shugabar makaranta mai bin tsarin da ba ita ta rubuta ba, maigidan da jarinsa na mutane ne. Ka rarrabe su biyun kafin ka sa ƙirji.

To, an kira sunanka, ka shiga. Daga nan babu juyawa, babu kuma tsayawa. Jirgin ruwa ba shi da birki. Abin da ke juya shi wani allo ne a ƙarƙashin ruwa ta baya, wanda sitiyari ke karkatawa, kuma allon nan ba ya aiki sai ruwa na gudu a jikinsa. In jirgi ya rage gudu ƙwarai, ko ka murɗa sitiyari har ƙarshe ba zai amsa ba, sai ruwa da iska su karɓe tuƙin. Ruwan Korinti kuwa ba a tsaye yake ba, wani lokaci gabas yake ja, wani lokaci yamma. Shi ya sa akan ji ofishin mashigi yana kiran ƙananan jirage ta oba-oba yana cewa su ƙara wuta. Wanda tsoro ya kama gani yake yi rage gudu shi ne lafiya. Duk wanda ya koyi keke ya san ba haka ba ne: wanda ya daina taka feda shi ke faɗuwa, wanda kuma ya ƙura wa kwata ido don kada ya faɗa, a cikinta yake ƙarewa. Matuƙi ba ya kallon bango. Ɗaga kai yake yi ya kafa ido a tsakiyar hanya can gaba, tunda mashigin a miƙe yake sak, ya riƙa gyara kaɗan-kaɗan tun karkatar ba ta yi nisa ba. Wanda ya bari sai ta yi nisa, babban murɗi zai yi, babban murɗi kuma sai an mayar da shi da wani babban, daga nan jirgi ya shiga tangaɗi daga wannan bango zuwa wancan.

Ina ganin matasa da yawa da suka tsaya cak a tsakiyar abu, ba su ci gaba ba, ba su fita ba. Wani karatun jami'a ne a aji uku, wata koyon ɗinki ne da saura kaɗan a yaye ta. Ba wani abu ne ya tare su ba, shakka ce ta zo musu a makare. Shakka tana da amfani a bakin mashigi, can ne wurinta. A tsakiya kuwa abin da ake buƙata shi ne ka ci gaba da ɗan gudun da zai sa sitiyari ya amsa, ko da zuciyarka na bugawa.

Bango kuma yana da wani hali da ba kowa ya sani ba: ja yake yi. In jirgi ya matso kusa da gaɓa yana gudu, ruwan da ke matsewa tsakaninsa da gaɓar sai ya ƙara sauri, ƙarfin turinsa ya ragu, bayan jirgin ya zuƙu zuwa gaɓa, ruwan da ya taru a gaba kuma ya ture goshinsa waje. Iya gudunka, iya ƙarfin jan. Ƙaramin jirgi kaɗan yake ji, babba kuwa sosai. Duniya ta shaida haka ranar 23 ga Maris 2021, sa'ad da Ever Given, jirgin kwantena mai tsawon mita 400, ya shiga mashigin Suwez ta kudu a kan hanyarsa ta zuwa Rotterdam, cikin iska mai ƙarfi da ƙura. Aka ƙara masa wuta don sitiyari ya amsa, har gudunsa ya wuce ƙa'idar mashigin. Ya yi ta kaiwa da komowa tsakanin gaɓoɓi biyu, daga ƙarshe ya soka goshi a gaɓar gabas, bayansa ya tokari ta yamma. Kwana 6 hanyar tana toshe, jirage sama da 400 suka yi cirko-cirko, sai ranar 29 ga wata aka ciro shi. Kun ga ke nan, rashin gudu yana kashe sitiyari, yawansa kuma yana kiran bango. Tsakanin biyun ake nema, kuma a hannu ake jin sa bayan an daɗe ana yi.

Abin da ya fi tsaya mini a rai game da Ever Given shi ne, akwai jagorori biyu na mashigin a cikinsa. Binciken da hukumar jiragen ruwa ta Panama ta gudanar, kasancewar tutarta jirgin ke ɗauke da ita, ya nuna jagororin suna tattaunawa tsakaninsu da Larabci, kyaftin da mutanensa ba sa ji, ba a kuma yi wa juna bayani yadda ya kamata ba. Ga masana hanya a tsaye, ga kyaftin a tsaye, amma a minti mafi tsanani ba a san hannun wa jirgin yake ba.

A Suwez ko ƙaramin jirgin shaƙatawa ba ya wucewa sai da jagora. Mashigin kilomita 193 ne daga Bur Sa'id a Bahar Rum zuwa birnin Suwez a Bahar Maliya, an buɗe shi a 1869. Ƙaramin jirgi kwana 2 yake yi: a wuni ana tafiya gefe-gefe manyan jirage na wucewa, a kwana a Isma'iliyya, gari ya waye wani jagoran ya hau a ƙarasa. Baƙon da ba ka taɓa gani ba ne zai shigo jirginka, ya zauna kusa da sitiyarinka, ya ce bi nan, bar can. Ka girmama shi, ka ciyar da shi, ka saurare shi, don ya san inda yashi ya taru da inda jirgin fito ke tsallakawa, abin da taswirarka ba za ta gaya maka ba. Amma a ƙa'idar Suwez shawara yake bayarwa. Alhakin jirgi da rayukan da ke cikinsa yana wuyan kyaftin. Shi ya san hanya, kai ka san jirginka. In ya ce a ƙara wuta alhali kana ganin allurar zafin inji tana hawa, ka gaya masa cikin ladabi, ka kuma tsaya a kan maganarka. In ana magana ba ka gane ba, ka tambaya har sai ka gane, ko da za a ce ka cika tambaya.

A nan matasa kan kasu biyu, kuma dukansu suna ba ni tausayi. Wani sam ba ya ɗaukar jagora, gani yake yi abin da ya karanta a waya ya ishe shi. Wani kuma da zarar ya samu malami, ko ubangida, ko wani mai faɗa a ji a intanet, sai ya miƙa masa sitiyari ya haɗa da hankalinsa, in abu ya ɓaci ya ce ai wane ne ya ce. Ranar da jirgi ya kafe, jagora sauka yake yi ya tafi gida. Ever Given kuwa an tsare shi a Masar har 7 ga Yulin shekarar ana ja-in-ja a kan diyya, kuma masu jirgin aka riƙe.

Panama nata darasin na hannu da yawa ne. A can jirgi hawa yake yi. Ana shigar da shi wani dogon ɗakin kankare mai faɗin mita 33.5, a rufe ƙofofin ƙarfe, a cika ɗakin da ruwa jirgi ya ɗago. Hawa 3 ke kai shi tafkin Gatun, mita 26 sama da teku, sannan a sauke shi a ɗaya ɓangaren. Tun 1914 ake haka. Ba a yarda mai ƙaramin jirgi ya shiga shi kaɗai ba, ko da shi kaɗai ya ƙetaro tekun Atlantika. Dole ya zo da mutum 4 masu riƙe igiya, ban da shi da ke kan sitiyari, ban da mai ba da shawara na hukuma, ya kuma tanadi igiyoyi 4, kowace mai tsawon mita 38. Sau da yawa akan ɗaure jirage biyu ko uku gefe da gefe su shiga tare, ka ga lafiyarka ta rataya a kan ƙullin da wani baƙo ya yi. Ma'aikata daga saman bango su jefo siririyar igiya mai dunƙulen kai, a ɗaura mata babbar, su ja sama su maƙala. Da ruwa ya fara bulbulowa daga ƙasa jirgi zai riƙa fizga, mai igiya kuma ya riƙa tattare sakin da ke samuwa, ba gaggawa, ba sakaci. Wajen sauka sassautawa ake yi sannu-sannu, domin igiyar da ta cije yayin da ruwa ke janyewa tana iya rataye jirgi, ko ta tumɓuke ƙarfen da aka ɗaura ta. Mutum guda in ya shagala da ɗaukar hoto, jirage uku ne za su daki bango.

Akwai wata al'ada a wurin da nake so ku ɗauka ku riƙe. Masu jiragen da ke jiran ranarsu a garin Kolon, a bakin mashigin, sukan nemi wanda ranarsa ta riga tasu, su bi shi kyauta a matsayin masu riƙe igiya, su ƙetare tare, su dawo a mota. Mutum mai jirgin kansa, kyaftin a gidansa, ya je ya zama yaron wani na kwana ɗaya ko biyu, ana ce masa ja, ana ce masa saki. Yana taimako, yana kuma karatu: ya ga inda ruwa ke murɗawa, ya ji yadda igiya ke nauyi in babban jirgin gaba ya tada farfela, ya ga kuskure a jirgin da ba nasa ba. Ranar da tasa ta zo, ba baƙo ba ne a wurin, kuma shi ma ba zai rasa masu riƙe masa ba. Kafin ka buɗe shagonka, ka tsaya a shagon wani. Kafin ki karɓi ɗinkin biki, ki zauna kusa da wadda ta saba ki ga yadda take yi in lokaci ya ƙure.

Fita ma ba a sakin jiki. Ofishin biyan kuɗin Korinti yana bakin gabas, a Istimiya, inda ake raɓa dakalin kankare a ɗaure jirgi a hau da takardu, ruwan da wasu jirage ke tayarwa yana ta buga naka a jikin dakalin, don haka ba a cire robobin gefe da wuri. Mai fita ta yamma kuwa sau da yawa iska ce ke tarbarsa a fuska, ga masu jiran nasu layin suna kewayawa a ƙofa. A nan ne mutanen jirgi ke fara tafi da raha, alhali mai sitiyari yana da sauran aiki har sai ya bar bakin hanya ya yi nisa da shingen duwatsu.

Akwai kuma abin da ya riga duk waɗannan: shiga mashigi ba dole ba ne. Korinti yana cikin mafi tsada a duniya in aka auna kuɗinsa da tsawonsa. Akwai matuƙan da ke duba injinsu, su duba aljihunsu, su ce a'a, su kewaye Feloponis cikin kwanaki da ƙyallensu a sama, babu kuma mai kiran su matsorata. Hanyar yanke ba kyauta ba ce, wanda bai shirya mata ba doguwar ta fi masa, don hanyar lafiya a bi ta da shekara. Shawarar dai a waje ake yanke ta, tun jirgi yana da wurin juyawa.

Wannan kam ya shafe mu kai tsaye, mu da ba mu da jirgin shaƙatawa amma muna hawa kwale-kwale. A watan Mayun 2021 wani jirgin fasinja ya nutse a kogin Neja kusa da Warrah a jihar Kebbi, mutane da dama suka rasu. A ƙarshen Nuwamban shekarar wani ya kife a ruwan Bagwai a jihar Kano, akasarin waɗanda suka rasu yara ne 'yan Islamiyya. Allah Ya ji ƙansu, Ya ba iyayensu haƙuri. A duka biyun an ambaci lodin da ya wuce kima. Ƙanina, ƙanwata, a gaɓa kuke da iko. Da zarar an tura jirgi ya bar tudu, duk abin da za ka faɗa ba zai rage ko buhu ɗaya daga lodin ba. In ka ga bakin jirgi ya kusa shan ruwa, ko babu rigar kariya, ko magariba ta kawo kai, ka sauka ka jira na gaba, ko da za a yi maka dariya, ko da kasuwa za ta tashi ba ka je ba. In akwai ƙaramin yaro a hannunka, ka sauko da shi.